Zazzaɓin Denge da Garkuwar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da ke Faruwa a Cikin Ƙwayar Halitta

A ƙarshen shekarar 2023 hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin denge a jihar Sakkwato. A shekarar ce Chadi ta sanar da nata a garin Abeche, a Burkina Faso kuma cutar ta ci rayuka kusan 700. Duk da haka, a gidajenmu da yawa kowane zazzaɓi sunansa maleriya ko taifot. Wannan ne ya sa na tattara tambayoyin da ke ƙasa, domin wanda ya fahimci abin da wannan cuta ke yi wa garkuwar jiki zai gane dalilin da ya sa jinyarta ta sha bamban da wadda muka saba.

Mece ce denge, kuma me ya raba ta da maleriya?

Sauro ne ke kawo su duka biyun, iyakar dangantakarsu ke nan. Maleriya wata 'yar halitta ce mai jikinta, wadda sauron dare ke ɗauka. Denge kuwa bairos ne, kuma mai dakonsa shi ne sauron da masana ke kira Aedes aegypti, baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda ya fi cizo da hantsi da kuma gab da magariba. Ba ya neman kwatami. Ruwa mai tsabta yake so: randa, durom, tulun da aka manta a bayan ɗaki, tsohuwar taya da ruwan sama ya kwanta a cikinta.

Bairos ɗin iri huɗu ne, ana ƙirga su daga 1 zuwa 4. Dukan bayanin halittarsa yana rubuce a kan zare ɗaya na RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da rubutun gado, mai haruffa kusan 11,000, kuma furotin goma kacal yake iya samarwa. Uku su ne ke gina jikinsa, bakwai kuma ma'aikata ne da ke aiki a cikin ƙwayar halittar da ya shiga, wato ɗaya daga cikin ƙananan tubalan da suka gina jikinmu: NS1, NS2A, NS2B, NS3, NS4A, NS4B da NS5. A riƙe waɗannan sunaye, za mu sake haɗuwa da su. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado wajen 20,000, amma waɗannan goman sun isa su kwantar da ƙato.

Ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun a shekarun 1960 aka gano shi a jinin masu zazzaɓi a Ibadan. A duniya kuwa, rahotannin da suka isa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2024 sun haura mutum miliyan 14, adadin da ba a taɓa gani ba.

Me ake nufi da aikin ƙwayoyin gado?

A tsakiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai kundi guda, DNA, kuma kundin da ke hanta shi ne ke fata, shi ne ke ƙwaƙwalwa. Kowace ƙwayar gado kamar babi ce a cikinsa. Abin da ya bambanta hanta da fata shi ne babin da kowacce ke buɗewa. Idan ana bukatar wani furotin, ba a fitar da kundin waje. Sai a kwafo babin a 'yar takarda, wato RNA ɗan saƙo, a miƙa wa masu ƙira su ƙera.

To idan masu bincike suka ce aikin wata ƙwayar gado ya ƙaru ko ya ragu, waɗannan 'yan takardun suka ƙirga. Suna ɗibar jinin majinyaci, su duba wane babi aka kwafa sau dubu yau alhali jiya sau biyar aka kwafe shi, wane ne kuma aka rufe. Babukan garkuwa da yawa a rufe suke zama sai ranar da aka kawo hari.

Idan sauron ya ciji mutum, ina bairos ɗin ke fara sauka?

A fata. Can akwai wasu ƙwayoyin garkuwa masu rassa da aikinsu shi ne sintiri: su kama baƙon abu, su kai shi kaluluwa a nuna wa sauran mayaƙa. Su ɗin denge ke fara shiga, sai su ɗauke shi da kansu su kai shi inda yake so. Daga nan ya faɗa wa fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye ƙwayoyin cuta, waɗanda ake kira monosait da makrofaj, ya isa saifa da hanta. Tsakanin cizo da fara zazzaɓi akan ɗauki kwana 4 zuwa 10. Abin lura shi ne masu gadin gari ya mayar gidan haya.

Ta yaya ƙwayar halitta ke sanin an shigo mata?

Tana da masu tsaron ƙofa a cikinta. Biyu daga cikinsu, RIG-I da MDA5, sun san kamannin RNA na gida, sun kuma san na baƙo. Da zarar sun ci karo da na bairos sai su tayar da jerin furotin, wannan ya taɓa wancan, har labari ya kai ga kundin gado a buɗe babin wani sinadari mai suna intaferon. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957.

Intaferon shi ne yekuwa. Ƙwayar da aka shiga takan fitar da shi waje, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. A cikin kowace maƙwabciya akwai jakadu biyu, STAT1 da STAT2, da ke karɓar saƙon daga bakin ƙofa su ruga da shi tsakiya. Isarsu ke da wuya sai a buɗe ɗaruruwan babuka lokaci guda. Wani furotin ya toshe hanyar shigar bairos, wani ya yayyanka RNA ɗinsa, wani ya tsayar da ƙira gaba ɗaya don kada baƙo ya samu abin amfani. Duk wannan cikin 'yan sa'o'i ne, tun kafin jiki ya ƙera antibodi ko guda, wato furotin ɗin da garkuwa ke ƙerawa musamman don kama wani baƙo. Wani ɓangare na zafin jiki da ciwon gaɓoɓin da majinyaci ke ji, amon wannan yekuwar ne.

Idan yekuwar ta fita da wuri, sau da yawa magana ta ƙare. Shi ya sa akasarin waɗanda denge ta kama ba sa ma sanin sun kamu. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2013 ya ce cikin kamuwa miliyan 390 a shekara, miliyan 96 ne ke nuna alamun ciwo.

To ta yaya denge ke tsallake wannan tsaro?

Nan ne zuciyar maganar, kuma ni dai duk lokacin da na koma kanta sai mamaki ya sake kama ni.

Dabarar farko ɓuya ce. Bairos ɗin kan lanƙwasa tantanin cikin ƙwayar halitta ya yi 'yan aljifai, a ciki yake kwafar kansa, inda idon masu tsaro bai kai ba. Sa'annan NS5 ya ɗora wa sabon RNA wata hula irin wadda saƙonnin gida ke sawa, ya fito yana yawo kamar ɗan unguwa.

Ta biyu ita ce hana a yi yekuwar. NS2B da NS3 kan haɗu su zama almakashi, aikinsu na asali shi ne yanka dogon furotin ɗin bairos gida-gida. A 2012 masu bincike, ciki har da ɗakin gwajin Ana Fernandez-Sesma a asibitin koyarwa na Mount Sinai da ke New York, suka nuna cewa wannan almakashin na datse wani furotin namu mai suna STING, wanda ke kan hanyar kunna intaferon. Shekaru biyar bayan nan suka ƙara gano cewa NS2B na sa a rushe cGAS, mai tsaron da ke tayar da STING. Dalilin yin hakan kuwa shi ne, shigar denge na lalata injinan samar da ƙarfi na ƙwayar halitta, DNA ɗinsu ya zubo inda bai kamata ba, cGAS kuma ya ɗauki hakan a matsayin alamar ɓarna. Wato bairos ɗin na kawar da mai shaidar ɓarnar da ya yi.

Ta uku, wadda ta fi duka shahara, ita ce kashe jakada. Ko da maƙwabta sun yi yekuwa, saƙon ya iso bakin ƙofar ƙwayar da bairos ke ciki, sai an samu mai kai shi tsakiya. NS4B na hana STAT1 tashi. NS5 kuwa kama STAT2 yake yi, ya haɗa shi da wani furotin namu mai suna UBR4, a manna masa alamar shara, injin niƙe tsofaffin furotin na ƙwayar halittar ya niƙe shi. Ɗakin gwajin Adolfo García-Sastre ne ya bayyana wannan a 2009 da 2013. Da ɗan gari akan ci gari: bairos bai zo da injin niƙa ba, namu ya ara.

Akwai ƙari. A Buenos Aires, ɗakin gwajin Andrea Gamarnik ya nuna a 2016 cewa NS5 na kutsawa har tsakiyar ƙwayar halitta ya dagula aikin gyaran saƙonni, wato yanke sassan da ba a bukata a ɗinke sauran, sai wasu saƙonnin garkuwa su fito ba a kammala su ba. Hatta guntayen RNA da ke saura bayan jiki ya gutsure na bairos ba su zama shara ba. A annobar Puerto Rico ta 1994 wani sabon reshe na nau'i na 2 ya kori tsohon. Sai a 2015 masu bincike a Singafo suka gano cewa sabon reshen ya fi tara waɗannan guntaye, su kuma suna riƙe TRIM25, furotin ɗin da RIG-I ke bukata kafin ya yi ihu. Ɗan bambanci a cikin ƙwayar halitta ɗaya ya taimaka wajen sauya alƙiblar annoba a tsibiri guda.

Shin wannan na nufin ya canza mini gado, har 'ya'yana su gada?

A'a. Denge ba ya rubuta kansa a cikin DNA, bai da kayan aikin yin hakan. Abin da yake taɓawa shi ne wane babi za a karanta, da ko saƙon zai isa. Idan jiki ya kore shi, kundin na nan yadda yake. Mai juna biyu da ta kamu gab da haihuwa na iya sa wa jariri, amma wannan kamuwa ce, ba gado ba.

Idan yana toshe intaferon, me ya sa ake samun ƙwayoyin gadon garkuwa a kunne a jinin majinyata?

Domin ƙalilan ne daga ƙwayoyin jini ke ɗauke da bairos ɗin. Shirun yana cikin gidan da ya shiga, maƙwabta kuwa sun ji labari suna ta shiri. Idan aka auna jini gaba ɗaya a kwanakin farko na zazzaɓi, muryar maƙwabtan ake ji, sai a ga babukan intaferon sun yi sama ƙwarai.

Bambancin da ya fi jan hankali yana tsakanin majinyata ne. Wani bincike da aka yi a Biyetnam, aka wallafa a 2007, ya kwatanta waɗanda ƙarfin bugun jininsu ya faɗi warwas da waɗanda ba su kai ga haka ba, sai aka ga saƙonnin babukan intaferon sun yi ƙaranci a jinin waɗanda suka fi jigata. Wannan ya saɓa wa tunanin da mutum zai fara yi, cewa mai tsananin ciwo shi ne garkuwarsa ta fi zafi ta kowace fuska. Wani sashe na garkuwar ya yi sanyi, wani kuma ya wuce gona da iri.

Me ya sa ake cewa ranar da zazzaɓi ya sauka ta fi hatsari?

Ka ɗauki yaron da ya kwana uku jikinsa kamar garwashi, yana kukan ciwon kai da bayan ido. A rana ta huɗu ko ta biyar uwa ta taɓa goshinsa ta ji sanyi, ta yi hamdala, ta koma kan girki. Da la'asar ya fara riƙe ciki, ya ƙi ruwa, abin da ya sha ya dawo, tafin hannunsa da ƙafarsa sun yi sanyi, dasashinsa na tsattsafar da jini. Wannan ita ce gaɓar da likitoci ke tsoro, tana zuwa tsakanin kwana na 3 da na 7, kuma takan ɗauki sa'o'i 24 zuwa 48.

A lokacin yawan bairos a jini ya riga ya fara raguwa. Abin da ke ɓarna shi ne ihu bayan hari. Ƙwayoyin garkuwa sun buɗe babukan sinadaran kumburi, irin su TNF da IL-6 da IL-8, suna ta zubawa. NS1 kuma, wanda shi kaɗai ne cikin ma'aikatan nan bakwai da ake fitarwa da yawa ya yi yawo a jini, yana ƙara wa wutar itace. A 2015 ɗakin gwajin Paul Young a Kwinslan ta Ostareliya ya nuna yana tsokanar fararen ƙwayoyin jini ta wata ƙofa mai suna TLR4, wadda aka tanada don gubar bakteriya. A shekarar kuma ɗakin gwajin Eva Harris a Kalifoniya ya nuna NS1 shi kaɗai na iya sa jijiyoyin jini yoyo, daga baya suka gano yana kankare wani siririn shafe mai santsi da ke lulluɓe cikin jijiya.

Sai ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa ciki da kewayen huhu. Jinin da ya rage ya yi kauri, PCV, wato ma'aunin kaurin jini, ya hau, ƙwayoyin daskarar da jini su yi ƙasa. Mutum na iya galabaita ko ɗigon jini bai fita waje ba. Labari mai daɗi shi ne yoyon na tsayawa da kansa. Aikin asibiti shi ne a riƙe majinyaci da ƙarin ruwa daidai gwargwado har kwana biyun nan su wuce, kuma inda ake yin haka da kyau mace-mace kan sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Da gaske ne kamuwa ta biyu ta fi ta farko muni?

Tana iya fi, idan nau'in ya bambanta. Wanda ya warke daga nau'i na 1 ya samu kariya mai ɗorewa daga shi, sauran ukun kuma kariyar ta ɗan lokaci ce. Kyuba ta ga wannan da idonta. A 1977 nau'i na 1 ya ratsa ƙasar ba tare da mummunar ɓarna ba. A 1981 nau'i na 2 ya zo: mutum sama da 344,000 suka kamu, sama da 10,000 suka yi tsanani, 158 suka rasu, 101 daga cikinsu yara.

Bayanin da masanin denge Scott Halstead ya daɗe yana karewa tun shekarun 1970 shi ne, tsofaffin antibodi na kama sabon nau'in amma ba su iya kashe shi. Makrofaj kuma ya saba haɗiye duk abin da antibodi ya riƙe, sai ya buɗe ƙofa da hannunsa. An nuna a gwaji cewa shiga ta wannan hanya na ƙara danne babukan intaferon, ta kuma ɗaga IL-10, sinadarin da ke cewa mayaƙa su sassauta. Binciken da ya bi dubban yara a Nikaraguwa, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa masu matsakaicin adadin antibodi sun fi shiga hatsari fiye da masu yawa, har ma fiye da waɗanda ba su da shi sam. Haka ke faruwa da jarirai 'yan wata 6 zuwa 9, lokacin da antibodin da suka samu daga uwa ya fara ƙarewa. Duk da haka, akasarin masu kamuwa ta biyu ma suna warkewa lafiya.

Na ji an ce baƙar fata ba ya jin jiki da denge. Haka ne?

Maganar na da tushe, amma ina roƙon kada a ɗauke ta a matsayin laya. A annobar Kyuba an lura cewa masu asalin Afirka ba su cika kaiwa ga tsanani ba, kuma binciken 2017 a kan mutanen ƙasar ya danganta hakan da wasu ƙwayoyin gado biyu, OSBPL10 da RXRA, masu alaƙa da sarrafa kitse a cikin ƙwayar halitta, abin da bairos ke dogaro da shi wajen gina aljifansa. A Biyetnam kuma, a 2011, an gano bambance-bambance a MICB da PLCE1 da ke ƙara hatsarin faɗuwar jini ga yara. Wato gadon mutum na da ta cewa.

Sai dai raguwar hatsari a lissafin jama'a ba ta ba kowa tabbaci a kan kansa. Waɗanda aka binne a Wagadugu da Bobo Julaso na Burkina Faso a 2023 baƙaƙe ne kamar mu. Kuma inda ba a gwaji, wanda denge ta kashe maleriya za a rubuta masa.

Za a iya duba ƙwayoyin gado a san wanda zai yi tsanani tun da wuri?

Burin ke nan. A 2019 masu bincike a jami'ar Stanford suka fitar da jerin ƙwayoyin gado 20 da yanayin aikinsu a farkon zazzaɓi ke nuna wanda ciwonsa zai ƙazanta, suka gwada shi a kan majinyata a Kolombiya. Yana matakin bincike, bai zama gwajin asibiti ba. Abin da ke hannu yanzu shi ne gwajin NS1 ko na PCR, mai neman RNA ɗin bairos, a kwanaki biyar na farko, gwajin antibodi na IgM bayan nan, da bibiyar PCV da ƙwayoyin daskarar da jini kullum. Idan an yi gwajin maleriya ba a gani ba, ko an sha maganinta zazzaɓi ya ƙi sauka, a tambayi likita zancen denge.

Me ya hana a samu magani, kuma ina labarin rigakafi?

Ɗaya daga cikin cikas ɗin yana cikin abin da muka faɗa a sama. Almakashin denge ba ya yanka STING na ɓera, NS5 kuma ba ya iya rushe STAT2 na ɓera, saboda haka ɓeran gwaji na kakkaɓe cutar cikin sauƙi. Dole sai an yi amfani da ɓerayen da aka cire wa hanyar jin intaferon, su kuma ba su zama cikakken madubin ɗan Adam ba. Har yau babu maganin da aka amince da shi mai kashe bairos ɗin kai tsaye.

Rigakafi kuwa dole ya kare daga nau'i huɗun daidai wa daida, in ba haka ba ya zama tamkar kamuwar farko. An ga haka da allurar rigakafin Dengvaxia: bayan an yi wa yara sama da 800,000 a Filifin, kamfanin Sanofi da ya yi ta ya sanar a Nuwamban 2017 cewa wanda bai taɓa kamuwa ba kafin allurar na iya fuskantar ƙarin hatsari daga baya. Akwai Qdenga ta kamfanin Takeda, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi katutu.

To me mai jinya zai yi a gida?

Farasitamol kawai don zafi da ciwo. Kada a ba da asfirin, ko ibufurofen, ko a je kemis a yi allurar dikulofenak, domin suna ƙara hatsarin zubar jini ga wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa suka riga suka yi ƙasa. Wani zai ce tunda garkuwa ce ta yi yawa, a sha maganin danne ta. An gwada firedinisolon a kan majinyata a Biyetnam, sakamakon 2012 bai nuna ya hana faɗuwar jini ba, saboda haka kada a saya a sha.

A yawaita ruwa, ruwan gishiri da sukari, kunu, romo, a kuma lura da fitsari. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a hanci ko dasashi ko bayan gida, numfashi sama-sama, yawan barci ko rashin natsuwa, kowanne daga cikinsu na nufin a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, musamman idan zazzaɓin bai daɗe da sauka ba.

Majinyacin ya kwanta cikin gidan sauro har da rana, don sauron da ya cije shi a makon farko zai iya sa wa wani bayan kwana 8 zuwa 12. Randa da durom kuma zubar da ruwansu kaɗai bai isa ba. Wannan sauro a jikin bangon mazubi yake manna ƙwansa, ɗan sama da bakin ruwa, kuma ƙwan na jure bushewa na watanni. Sai an sa soso an goge cikin sosai duk mako, a sake cikawa, a rufe da murfin da ya zauna daram.